Yadda ake kula da filin tanis na jar ƙasa a Yamai

Jar ƙasar da ake gani a Roland Garros, filin birnin Paris da ke karɓar babbar gasar tanis ta Faransa tun 1928, inda ɗan wasan Sifaniya Rafael Nadal ya ɗauki kofi sau 14, garin jan bulo ce mai kaurin milimita 1 zuwa 2 kacal. Ƙarƙashinta akwai dakakken farin dutse kamar santimita 7, sai ƙonannen kwal, sai tsakuwa mai tsotse ruwa. Farin dutsen nan shi ne filin, shi za ka kare.

A Yamai babban abokin gaba shi ne bushewa. Ka yi ban ruwa da asuba da kuma bayan magariba, da tiyo mai yayyafi, bakinsa na kallon sama don ruwan ya sauko kamar na damina. In ka saki ruwa da ƙarfi, zai haƙa rami. Ka tsaya da zarar ƙasa ta yi duhu. In ruwa ya kwanta, ka wuce gona da iri, takalmi zai kwashe taɓo. Da hunturu iska na tafiya da garin, sai ka ga fari na leƙowa. Kada a buga wasa a haka, santsi ne, ɗan wasa zai iya gurɗe ƙafa. A barbaɗa sabon gari, a jiƙa, a bi da abin daddalewa.

Bayan kowane wasa a ja ragar baje gari a kan filin, a share layuka da tsintsiya. Wajen da ke bayan layin ƙarshen fili, inda ake yawan zamiya, nan ne ke fara lotsawa, kullum a cike shi.