Kafin ku buga CQ, ku saurara

Ƴan uwa masu aika saƙon Morse ta rediyo na Damagaram, don Allah kada ku hau mita ku fara CQ, wato kiran duk mai saurare, kai tsaye. Ku aika QRL? tukuna, wato tambayar ko ana amfani da mitar, ku jira, domin wataƙila ana hira a wurin, ku ne ba ku jin ɗayan. In shiru, sai CQ sau uku, DE (wato "daga"), lambar kiranku mai farawa da 5U ta Nijar, ku rufe da K (wato "a amsa").

Inda sababbin hannu ke ɓata aiki, tazara ce. Dogon sauti tsawon ɗigo (gajeren sauti) 3 ne, shirun tsakanin haruffa ɗigo 3, na tsakanin kalmomi ɗigo 7. In kun matse su, haruffa su cakuɗe, ba mai gane lambarku. Wanda ya yi muku sauri, ku aika masa QRS, zai sassauta.