Yadda Ake Jawo Matashin da Ya Ƙaurace wa Jama'a ta Hanyar Kiɗan Gargajiyar Japan

A Japan, ɗalibin da ya yi kwana 30 ko fiye a shekara bai taka makaranta ba, ba don ciwo ko rashin kuɗi ba, ana lissafa shi cikin waɗanda ake kira futoko, kuma wasunsu kan zarce su kulle kansu a ɗaki na tsawon wata shida ko fiye. Wani matashin kuma ba ya ɓuya, sai dai zuciya da faɗa sun raba shi da kowa. Dukansu abu ɗaya suka rasa, wato wurin da za a lura idan ba su zo ba, kuma ƙungiyar kiɗan gargajiya tana iya zama wannan wuri idan iyaye suka bi a sannu.

Da farko a dubi halin yaron kafin a zaɓi kayan kiɗa. Wanda fushi ya cika wa ƙirji ya fi dacewa da taiko, babbar gangar da ake kaɗawa a tsaye da sanduna biyu, domin ƙafa da ƙugu da kafaɗa duk suna aiki, ana kuma yin kuwwa a tsakiyar kiɗan ba tare da wani ya ce ya yi rashin kunya ba. Mai kunya da shiru zai fi sakewa da koto, abin kiɗa mai tsirkiya 13, wadda take ba da sauti mai daɗi tun ranar farko. Shamisen mai tsirkiya uku, musamman salon Tsugaru na lardin Aomori, tana jan masu son sauri da ƙarfi. Ita kuwa shakuhachi, sarewar gora mai huda biyar, tana koyar da sarrafa numfashi ƙwarai, amma ban ba da shawarar a fara da ita ga wanda ya riga ya yanke ƙauna da kansa ba, domin mai koyo kan yi kwanaki yana hurawa sauti bai fita ba.

Bayan haka a nemi ƙungiya, kada a tsaya ga malami mai koyar da mutum ɗaya. Kiɗan taiko na taro, wanda Daihachi Oguchi ya fara a Nagano a 1951, an tsara shi ne yadda kowace ganga take da nata gurbi, ƙarama tana riƙe da lokaci, babba tana amsawa, ta yadda idan mutum ɗaya ya yi fashi sai kowa ya ji giɓin a kunnensa. A nan ne maganin yake, a ganina. Ba lallai sai fitattun ƙungiyoyi irin Kodo ta tsibirin Sado ba, domin garuruwa da yawa suna da ƙungiyoyin raya kiɗan bikinsu, waɗanda suke atisaye a zauren taron unguwa kuma suna marmarin matasa. Tun 2002 ma manhajar ƙananan makarantun sakandare ta tanadi kowane ɗalibi ya taɓa aƙalla kayan kiɗan gargajiya ɗaya, sai dai ga yaron da makarantar ce ta zame masa ciwo, ƙungiyar unguwa ta fi.

A ziyarar farko a bar shi ya zauna ya yi kallo kawai. A sanar da malamin halin da ake ciki a keɓe, kada a tona wa yaron asiri a gaban sauran, kada kuma a ce masa an kawo shi ne don a gyara shi. Idan ya koma, zai tarar da ladubban wurin: cire takalmi, sunkuyawa a gaida malami, goge daɓe, ɗaukar ganguna tare da na gaba da shi. Kada iyaye su nema masa sassauci a kan waɗannan, domin ɗaukar kaya da shara su ne suke fara sa a ɗauke shi ɗan gida tun hannunsa bai iya komai ba. Amma a sa ido, domin girmama na gaba a wasu wurare kan rikiɗe ya zama cin zali, kuma idan aka ga alamar haka, a canza masa ƙungiya ba tare da jinkiri ba.

Koyon taiko ba ya buƙatar karatun rubutun kiɗa. Ana haddace shi da baki, ana cewa "don" ga bugu mai nauyi, "doko" ga bugu biyu a jere, "ka" ga bugun gefen ganga, sannan hannu ya bi abin da harshe ya riƙe. A gida tsohuwar taya ko matashin kai ya isa atisaye. Tafin hannu zai yi bororo kafin ya yi kanta, kuma a wannan lokaci ne yara da yawa suke janyewa, don haka a riƙe masa ranakun atisaye ba tare da yawan tambaya ko ya ji daɗi ba.

Idan bikin gari ya matso, a roƙi malamin ya ba shi gurbi ko da a sahun baya ne, iyaye kuma su halarta. Idan kuwa yaron ya daina cin abinci ko barci, ko yana maganar cutar da kansa, a kai shi wurin likita ko mai ba da shawara na makaranta a ranar, sannan a ci gaba da atisayen tare da kulawar da aka ɗora shi a kai.