Yadda ake zaɓen igiyar rataya kyamara mai nauyi

Igiyar nan da ke zuwa cikin kwalin kyamara, wadda aka rubuta Canon ko Nikon ɓaro-ɓaro a jikinta, ita nake fara cewa sabon mai hoto ya kwance ya ajiye in dai kyamararsa babba ce. Ƙarfi kam tana da shi, amma siririya ce, gefenta na da kaifi, kuma don wuya aka yi ta. Na sha ganin yara masu koyon aiki sun fito da safe da zumuɗinsu, kafin azahar sai ka ga mutum ya tallafe kyamara da hannu biyu yana murza ƙeya, wani ma ya cire ta gaba ɗaya ya ɗora kan kujera, abin da ya zo ɗauka kuma a lokacin zai wuce shi.

Kafin ka nemi kowace igiya, auna kayanka a haɗe yadda kake fita da su, kar ka tsaya kan nauyin da aka rubuta na jikin kyamara kaɗai. Nikon D850 da batir a ciki kusan kilo 1 ce, dogon lens ɗin nan da ake kira 70-200 f/2.8 shi kaɗai ya kusa kilo 1.5, ka ɗora filash da batiransa huɗu, ka ga ai ka doshi kilo 3. Ni dokata ita ce, kaya in sun haura kilo 1.5 to wuya ya fita daga maganar. Nauyi a wuya janyo kai yake gaba, jijiyoyin baya su yi ta riƙo har dare, shi ne ciwon kan da mutane ke ɗora wa rana.

To ina nauyin zai koma? Kafaɗa ko ƙugu. In kyamara ɗaya kake riƙewa, nemi irin wadda ake saɓawa a karkace, ta hau kafaɗar hagu ta ratsa ƙirji da baya, kyamarar ta kwanta a ƙugun dama daidai inda hannunka ke sauka. BlackRapid da Peak Design Slide su ne aka fi sani a wannan fannin. Kar ka yarda da rataya a kafaɗa ɗaya kawai ba tare da ta ratsa jiki ba, domin za ka riƙa ɗage kafaɗar ba ka sani ba don kar ta zame, da yamma kuma gefe guda ya sage. In kyamara biyu ce sai mai kafaɗa biyu da ake sawa kamar 'yar shara, ɗaya dama ɗaya hagu. Akwai kuma na bel irin Spider da ke sauke komai a ƙugu, yana da daɗi sosai ga mai ciwon baya, sai dai da ka zare kyamara daga jikinsa babu abin da ke riƙe da ita sai hannunka.

Sai faɗi. Masu koyo soso suke dannawa da yatsa, in ya yi laushi su ce sun samu. Faɗin ka duba tukuna, inda zai kwanta a kafaɗa kada ya gaza santimita 4, Slide ɗin da na ambata santimita 4.5 ce kuma kusan ba ta da tudu, amma tana baza nauyi fiye da siririya mai kumburarren soso. Masu robar nan mai talewa da ake kira niyofirin suna sa kaya su yi kamar sun rage nauyi, gaskiya ne, amma in kana sauri kyamarar tsalle take tana dukanka, ga zafi ga riƙe gumi, ni ba na son su a aikin yini guda. Fata tana da kyau a ido kuma tana daɗewa, sai dai sabuwa tauri gare ta sai ta sha jiki, kuma wata tana zubar da launi a farar riga in gumi ya jiƙa ta.

Yanzu ga inda kyamarori ke faɗuwa, don Allah ka natsu a nan. Yadin igiya da wuya ya tsinke. Abin da ke cin amanar mutum shi ne ɗan ƙarfen da ya haɗa igiyar da kyamara. Yawancin masu ratsa jiki da noti ake ɗaura su a ramin da ke ƙasan kyamara, wanda ake ɗora ta kan sitan mai ƙafa uku da shi, girmansa kwatan inci. Kana tafiya kyamara tana lilo tana juyawa, notin nan kuma yana kwancewa kaɗan-kaɗan, ba ƙara ba alama, sai dai kawai ka ji tim a ƙasa. Duba ka ga akwai 'yar baƙar roba a gindin notin, ita ke hana shi warwarewa, ka ɗan jiƙa ta kafin ka ɗaure, ka matse sosai, kuma duk lokacin da za ka fita ka sake murɗawa da yatsa. In robar ta tsage ko ta ɓata, kar ka ce bari in lallaɓa yau kawai. Sannan ka ƙara 'yar gajeriyar igiyar tsaro daga kunnen kyamara na gefe zuwa jikin babbar igiyar, ko noti ya saki ita za ta cafke, abu ne mai arha ƙwarai amma mutum sai ya fasa lens yake tunawa da ita.

Wani kuskuren da ya fi wannan yawa, mutum ya sa dogon lens mai nauyi amma ya ɗaura igiya a jikin kyamara. Lens ɗin ya fi kyamarar nauyi, yana reto, duk jan yana kan bakin da suka haɗu, a hankali wurin ya fara girgiɗi. Ai shi ya sa irin su 70-200 ke zuwa da zobe mai ƙafa a tsakiyarsu, a ƙafar nan za ka ɗaura, nauyin ya daidaita, lens ya kwanta a jikin cinyarka yana kallon baya maimakon ya riƙa dukan ƙofa da mutane.

Maganar kuɗi kuwa, na san na asali suna da tsada kuma jabu sun cika ko'ina. Yadin jabun sau da yawa ba laifi, ƙugiyar ce matsala, ƙarfen zubi ne da ba ya lanƙwasa ya ba ka gargaɗi, karyewa yake farat ɗaya. In aljihu ba nauyi, sayi mai arhar mai faɗi ka canja mata noti da ƙugiya da na kirki. Maƙalan roba masu ƙas ɗin nan irin na jakar makaranta, ban yarda a rataya kilo 3 a kansu ba ko wane kamfani ne ya yi. Su Peak Design zaren maƙalinsu an gwada shi a kan kilo 90, kuma in ya goge har launin ciki ya fito, to canja shi ake yi. Ƙananan zobban kunnen kyamara ma ka riƙa dubawa, suna buɗewa.

Saiti ba wuya, tsaya a miƙe ka saki hannu, inda tafinka ya tsaya nan mariƙin kyamara zai kasance, ka ɗaga ta zuwa ido ka ga igiyar ba ta ja ba, in akwai ɗan makari a jikin igiyar ka matso da shi ya tokare kyamarar don kar ta zame gaba in ka sunkuya. Gwajin farko yi shi a kan katifa ka jijjiga da ƙarfi, sannan ka sa ta awa guda da irin rigar da kake aiki da ita, ka hau bene ka durƙusa ka tashi. In ta goge maka gefen wuya ko hammata a awa ɗaya, mayar ka karɓo wata.