Yadda ake sabunta sitiringa da daɓen tsohon jirgin faiba

Duk mai tsohon jirgin faiba na kamun kifi, ko a Yawuri yake ko a tafkin Kainji ko Legas, in ya taka daɓen jirgin ya ji yana lotsawa, toh don Allah kar ya je ya shimfiɗa sabon filawud a kai ya ce ya gyara. Matsalar tana ƙasa. Ƙarƙashin daɓen akwai dogayen katakai kwance daga gaba zuwa baya an lulluɓe su da faiba, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da gam ya daskare, su ne sitiringa, su ke riƙe cikin jirgi kar ya lanƙwashe in yana dukan igiyar ruwa. Faiba ba ya ruɓewa amma katakon ciki yana ruɓewa, ruwa ya bi ramin sukuru ya shiga ya zauna shekara da shekaru babu hanyar fita.

Fara da gwaji. Ka bubbuga da guduma, wuri mai lafiya ƙararsa tsaf take, ruɓaɓɓe kuma sai ka ji dum-dum. Sai ka huda da ƙaramin dirili ka duba garin da ya fito, in busasshe ne mai haske lafiya, in baƙi ne jiƙaƙƙe mai wari shikenan aiki ya same ka. Ka gwada allon baya inda ake ɗaura inji shi ma, don yawanci tare suke lalacewa.

Kafin ka yanka komai ka tallafe jirgin, wannan shi ne abin da mutane suka fi rainawa kuma shi ya fi ɓata aiki. Da zarar ka cire daɓe da sitiringa jikin jirgin zai saki, in ba a tokare yake sosai ba sai ya murɗe, kai kuma ka zo ka manna sabon katako a kan murɗaɗɗen jiki, ka ga ya zauna a haka kenan har abada, kullum yana ja gefe guda a ruwa. Ka ɗora shi a ƙasa mai daidai, ka tokare ƙashin tsakiya da gefuna biyu a wurare da yawa, ka auna faɗinsa a sama ka rubuta, ka gicciya katakai su riƙe bakin. Tankin mai kuwa a fitar da shi gaba ɗaya tun kafin giranda ta fara tartsatsi.

Yanka daɓen ka bar kamar inci 2 zuwa 3 a gefe don ka san tsayin da sabon zai zauna, kuma ka saita zurfin zarto daidai kaurin filawud, wallahi abu ne mai sauƙi mutum ya zarce ya huda cikin jirgin. Soson da ake cika ƙarƙashin daɓe da shi don jirgi ya yi iyo, in ya sha ruwa a kwashe shi duka, ba ya bushewa, nauyi kawai yake ƙarawa inji yana shan mai a banza. Tsofaffin sitiringa ka yi ƙoƙari ka ciro su da siffarsu ko ka kwafe su a kwali, kuma ya fi kyau ka riƙa cirewa kana mayarwa ɗaya bayan ɗaya.

Sai gurza, aikin da ba wanda ke so. Da giranda da sanfefa mai kaushi lamba 36 za ka gurje inda tsohon ya zauna da inci 6 kowane gefe har sai tsaftataccen faiba ya fito babu fenti babu maiƙo. Sa takunkumi na kirki da tabarau da riga mai dogon hannu, ƙurar nan gilashi ce, ƙaiƙayin fata ma da sauƙi a kan abin da take yi wa huhu. Ka share, ka goge da asiton, ruwan sinadari mai cire maiƙo, ka bar jirgin ya bushe ƙarau a inuwa. Shi ya sa aikin ya fi daɗi da rani.

Sabon katako ka nemi filawud na ruwa, ka manna biyu masu kaurin mili 18 ka sa mahaɗarsu ta saɓa, ka goge kusurwar sama ta zama kewayayya don faiba ba ya bin kaifi, sannan ka shafe shi da rezin, wato gam ɗin da ake jiƙa faiba da shi, ko'ina musamman bakin yanka. Kar katakon ya zauna kai tsaye a jikin jirgi, wurin zai yi tauri fiye da kewayensa daga baya ya tsage. Ka bar tazarar kamar mili 6 ka cike da rezin da aka kaurara da garin katako ko yankakken faiba har ya yi kaurin tunkuza, ka lailaye kusurwar da bayan cokali. Sai shimfiɗa faiba, kowane zubi ya ɗara na baya faɗi, aƙalla uku, kana bi da rola kana korar iska, duk inda ka ga fari-fari bai sha rezin ba.

Maganar rezin, akwai poliyesta akwai ifoksi, poliyesta ya fi araha kuma da shi aka yi yawancin tsofaffin jiragen nan, ifoksi ya fi kamawa da hana ruwa amma da tsada, kuma ifoksi yana kama poliyesta, poliyesta ne ba ya kama ifoksi da kyau, don haka ka zaɓi ɗaya tun farko. Hadinan poliyesta, wato sinadarin da ke sa shi daskarewa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa, a zafinmu ka tsaya kusa da 1, ka yi aiki da sassafe, ka riƙa haɗa kaɗan-kaɗan don in ya yi yawa a roba zafi yake ɗauka ya daskare har ya yi hayaƙi. Hadinan nan ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa, a ajiye ruwa kusa.

Ka huda hanyar ruwa a gindin katakan da suka gicciya tsakanin sitiringa ƙarƙashin daɓe, ka sa guntun fayif ka manne kewayensa, ruwa ya riƙa gangarawa baya inda za a kwashe. Daɓe kuma filawud mili 12 ya isa in tazarar tsakanin sitiringa ba ta da faɗi, ka lulluɓe ƙasansa da faiba kafin ka kifa shi don can ne laima ke taruwa, ka manna shi kan sitiringa, ka haɗe gefensa da jikin jirgi da faiba, ka rufe saman da zubi biyu. In za ka mayar da soso ka nemi na jirgi wanda ba ya shan ruwa, shi zai riƙe jirgin a sama in ya cika. A fentin ƙarshe ka barbaɗa yashi mai laushi da aka tankaɗe saboda santsin kifi. Duk sukurun da za ka ɗaura daga yanzu, na kujera ne ko na akwatin batir, ka huda ramin ya ɗan fi girma, ka cike da rezin, in ya bushe ka sake huda ƙarami a tsakiya sannan ka ɗaura.