Sabuwar tabulet amma caji bai ƙaru ba: kurakuran da masu saye suka fi yi

Mutum zai sayar da tsohuwar tabulet ɗinsa, ya cika kuɗi ya sayi sabuwa a kasuwar Garwa ko ta Marwa, yana murna ya rabu da neman caji da tsakar rana. Kafin mako ya zagayo sai ga shi a bakin shago fuska a ɗaure: "Malam, wannan ai ba ta fi wadda na sayar riƙe caji ba." Sau da yawa mai shagon bai cuce shi ba, tsammaninsa ne ya yi yawa tun farko.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar cewa duk sabon samfuri dole batirinsa ya fi na tsoho daɗewa. Lokacin da Apple ya fito da iPad ta farko a 2010, awa 10 ya ce tana yi. Har yau awa 10 ɗin nan yake faɗa a kan sababbin samfuransa. Ƙwaƙwalwar na'ura ta yanzu ta fi ta da tattalin wuta, gaskiya ne, amma wutar da aka yi tsiminta a nan sai a zuba ta a hasken fuska, da sauri, da rage kaurin jiki. Kuma awa 10 ɗin an auna ta ne a kan Wi-Fi, an rage hasken fuska zuwa rabi. Idan layin waya ake amfani da shi, kamfanin da kansa awa 9 ya ce. Abin da za ka samu tabbas shi ne batir sabo fil maimakon wanda ya gaji, kuma wannan ma riba ce.

Sai ruɗin lambar mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, da ake rubutawa a jikin kwali. Galaxy Tab A9 ta Samsung tana da 5,100, A9+ tana da 7,040, S9 Ultra kuwa 11,200. Amma fuskar ta farko inci 8.7 ce, ta biyu inci 11, ta uku inci 14.6, kuma fuska ce ta fi komai shan wuta. Tirela ta fi babur girman tanki, amma ta fi shi shan mai nesa ba kusa ba. Ka riƙa haɗa lambar da faɗin fuska kafin ka yanke hukunci.

Kada kuma ka yi wa sabuwar na'ura shari'a a kwana biyu ko uku na farko. A lokacin tana ta sauko da hotunanka, tana sabunta manhajoji, tana jera abubuwa a ɓoye, kai ma hannunka bai sauka daga kanta ba saboda ɗoki. Ba ta mako guda tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi, domin shi ne ke kashe batir a ƙasarmu, kuma shi aka fi rainawa. Apple ya ce a yi amfani da iPad tsakanin digiri 0 da 35. A Maris da Afrilu, daga Garwa zuwa Marwa, Kusiri har Injamena, zafi kan haura 40 a inuwa. Ke nan kafin ka kunna na'urar ma an riga an wuce iyaka. Batirin litiyam idan ya sha zafi, ƙarfin da ya rasa ba ya dawowa. Dubi yadda muke yi: a bar ta a gaban mota gilasai a rufe, a cusa ta cikin jaka a kan babur da rana tsaka, a jona caji tana cikin riga mai kauri yaro na kallon bidiyo, ko a kai ta wurin mai caji a jibge ta a tsakiyar wayoyi ashirin ƙarƙashin rumfar kwano. Gyaran ba ya cin ko dala: cire rigar lokacin caji, ajiye ta a kan siminti ko tebur a inuwa, a yi caji da dare ko da asuba, idan ta yi zafi a hannu a bar ta ta huce. Idan kuma ka ga gilashin ya ɗan ɗaga daga gefe, har kana iya hango haske ta tsagar, batir ne ya kumbura. Kada ka danna, kada ka ƙara jonawa, kai ta wurin mai gyara a ranar.

Akwai abubuwa uku da ke zuƙe caji ba tare da an lura ba. A tsakar gida da rana na'urar kan ƙure haskenta da kanta, don haka shiga inuwa ka rage shi. Tabulet masu tsada suna sabunta hoton fuska sau 120 a daƙiƙa. Mayar da shi 60 idan akwai wurin sauyawa. Inda rezo ba shi da ƙarfi, kamar a hanya ko a ƙauye, na'urar takan yi ta neman eriya tana ƙona wuta, gara a kashe data idan ba a bukata.

Tsohuwar maganar nan ta a bar sabuwar na'ura awa takwas a caji, ko a jira ta mutu murus kafin a jona, ta batiran da ce. Litiyam ba ya son ƙarewa sifili. Samsung da sababbin iPad suna da wurin tsayar da caji a wajen kashi 80, abin da ke ƙara wa batir kwana. Ni dai ba na cewa a bi wannan ido rufe. Wutar arewacin Kamaru ta dogara sosai a kan madatsar Lagdo, kuma idan ruwa ya ja baya da rani ɗauke wuta kan yawaita. Ranar da ka san za a ɗauke, cika ta ɗari. Lokacin da wuta ta zauna, koma 80.

Cajar tsohuwar waya mai wat 5 ba za ta ciyar da tabulet ba, wani lokaci kana aiki caji na raguwa alhali tana jone. Nemi ta wat 20 ko abin da kamfanin ya ce, kuma ka tambaya tun a shago, don wasu samfuran babu kan caja a kwalinsu. Haka fawa bank mai 10,000: kusan kashi biyu cikin uku ne ke isa na'ura, saboda haka ba zai cika batir mai 8,400 ba.

Mai sayen ta hannu kuwa, sabuwa ce a wurinsa kawai. An ƙera batirin iPad ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 1,000, kuma ba ka san nawa mai ita na farko ya cinye ba. Samfuran iPad da suka fito daga 2024 suna nuna lafiyar batir da adadin cajin a cikin saiti. Idan babu wannan, ce wa mai shago, "Alhaji, bari in gwada," ka kunna bidiyo na rabin awa da matsakaicin haske. Lafiyayyen batir kashi biyar zuwa bakwai zai sauka. Idan ya zubar da goma sha biyar, a rage maka kuɗin sabon batir ko ka duba wata.