Idan Aka Ce An Ji Saƙo Daga Taurari: Yadda Za Ka Tantance Labarin Kafin Ka Tura Shi

A watan Disamban 2020 wani ɗalibina ya kira ni cikin dare, muryarsa na rawa: "Malam, an ce an kama saƙon wasu halittu daga tauraron da ya fi kusa da mu. Da gaske ne?" Ni malamin fiziks ne, kuma tun ina yaro nake sha'awar sararin samaniya, don haka ni ma sai da gabana ya faɗi. Kafin gari ya waye na tura labarin ga mutum fiye da goma. Bayan wata goma masu binciken suka bayyana cewa ƙarar na'urorinmu ne na nan duniya. Abin ya dame ni, domin waɗanda na tura wa sun yarda ne saboda daga hannuna ya fito.

Tun daga lokacin, duk wanda ya tambaye ni ko ɗan Adam ya shirya haɗuwa da wasu halittu masu hankali daga wata duniya, nakan ce masa kunnuwan na'urorinmu sun fi zukatanmu shiri. Muna da farantin sauraron rediyo daga sama mai faɗin mita 500 a lardin Guizhou na ƙasar Sin, an tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 da ke kewaya wasu taurari, amma jita-jita ɗaya ta ishe mu rikicewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga yadda nake auna irin wannan labari yanzu.

Fara da tambayar abin da aka ce an gani. Mutane kan haɗa abubuwa uku a tukunya ɗaya alhali ba su da haɗi. Akwai alamar rai, wato iskar gas ko ɓurɓushin da ƙananan ƙwayoyin halitta za su iya bari, kamar muhawarar da ta tashi a 1996 kan wani dutse daga duniyar Mars, ko ta 2020 kan iskar fosfin a gajimaren Venus. Akwai alamar fasaha, wato saƙon rediyo ko haske da sai mai hankali ne zai iya ƙera shi. Sannan akwai hotunan wani abu mai walƙiya a sama da ba a gane ko mene ne ba. Na ukun nan rashin sani ne kawai, kuma rashin sanin abu ba ya mayar da shi baƙo daga taurari.

Idan saƙon rediyo ne, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: ya sake dawowa? A nan nake so ka ɗan tsaya. Ranar 15 ga Agustan 1977, na'urar Big Ear ta Jami'ar Jihar Ohio a Amurka ta kama wata ƙara mai ƙarfi daga ɓangaren taurarin Sagittarius. Ta ɗauki daƙiƙa 72, daidai tsawon lokacin da juyawar ƙasa ke ba na'urar damar kallon wuri guda. Ta kuma zo kusa da zangon rediyo na megahaz 1420, zangon da iskar haidirojin ke fitarwa, wanda tun 1959 Giuseppe Cocconi da Philip Morrison suka ce a nan ya kamata a kasa kunne, tunda duk mai ilimin taurari a ko'ina zai san shi. Jerry Ehman ya ga alamar a takardar da kwamfuta ta buga bayan 'yan kwanaki, ya zagaye ta da jan biro. Komai ya yi kama da abin da ake nema. Amma an koma wurin sau da yawa, da na'urori mafi ƙarfi, shiru kake ji. Shaida ɗaya da ta yi magana sau ɗaya ta ɓace ba a yanke hukunci da ita, duk yadda maganarta ta yi daɗi.

Bayan haka ka nemi sanin ko wata na'ura dabam, a wata ƙasa dabam, ta ji abin. Dalili kuwa shi ne mu ne muka fi kowa cika sama da surutu: wayoyi, jiragen sama, taurarin ɗan Adam, na'urorin da ke cikin ginin binciken kansa. A cibiyar Parkes ta Ostareliya an shafe shekaru ana kama wasu gajerun ƙararraki masu ban mamaki, sai a 2015 aka gano daga na'urar ɗumama abinci ta ma'aikata suke fitowa, idan aka buɗe ƙofarta tana cikin aiki. Saƙon da ɗalibina ya kira ni a kansa ma a Parkes aka ɗauke shi, a watan Afrilun 2019, a zangon megahaz 982, lokacin da aka fuskanci tauraron Proxima Centauri, wanda ya fi kusa da mu bayan rana. Ya tsallake gwajin farko, wato idan aka kawar da farantin daga tauraron sai ya ɓace. Amma da aka tona bayanan sosai sai aka samu gomman 'yan'uwansa masu kama da shi a lokutan da ba a kallon tauraron ma. Masu binciken na Breakthrough Listen, shirin neman saƙo daga wasu duniyoyi, su da kansu suka wallafa hakan a 2021, kuma ina girmama su a kan wannan.

Ko da an tabbatar daga sama abin ya fito, sauran tambaya guda: babu wani abu a halitta da zai iya yin haka? A 1967 Jocelyn Bell, ɗaliba ce a Jami'ar Cambridge a Ingila, ta ga wata alama da ke bugawa duk bayan daƙiƙa ɗaya da sulusi, ba ta saɓawa. Ita da malamanta sun yi tunanin ko saƙo ne. Maimakon su ruga gaban 'yan jarida, sai ta ci gaba da duba takardu har ta samu irinta a wani ɓangaren sama dabam. Da wuya a ce al'umma biyu, a wurare masu nisa da juna, sun zaɓi hanya iri ɗaya a lokaci ɗaya. Ashe gawar tauraro ce mai juyawa da sauri, wadda yanzu ake kira falsa. Haƙurin nan nata ya buɗe sabon babi a ilimin taurari.

Duba kuma wa ya faɗa. Mutum ɗaya, komai girman sunansa, ba ya isa. An wallafa bayanan a fili yadda wasu za su iya bincika? Masana na da ma'aunin da ake kira Rio, daga 0 zuwa 10, wanda Iván Almár da Jill Tarter suka gabatar a 2000 don auna girman irin wannan da'awa da ƙarfin hujjarta. Idan labari bai ambaci wanda ya sake gwadawa ba, ajiye shi.

To, a ce duk ya tsallake, ya tabbata. Me za ka yi? Yi lissafin nisa, shi ne maganin firgici. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma sai ya shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso daga Proxima Centauri, maƙwabcinmu na kusa. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana tafiyar kilomita 17 a daƙiƙa, kuma zai buƙaci sama da shekara 70,000 kafin ya ci wannan tazara. Saƙon da aka aika daga cibiyar rediyo ta Arecibo da ke Puerto Rico a 1974 zuwa tarin taurarin M13 zai yi kimanin shekara 25,000 a hanya. Don haka abin da ya fi yiwuwa shi ne mu ji tsohuwar murya, wataƙila masu ita sun daɗe da shuɗewa. Babu wanda zai sauka a ƙofar gidanka gobe. Wasu za su ce tashin duniya ne, wasu za su fara sayar da kariya ko fassarar saƙon. Kada ka saya, kuma ka kwantar wa tsofaffi da yaran da ke kusa da kai hankali da waɗannan alƙaluma.

Kada kuma ka sa ran za a gane ma'anar saƙon nan take. A watan Mayun 2023 an yi gwaji: wani kumbon Hukumar Sararin Samaniya ta Turai da ke kewaya Mars ya turo saƙon da aka shirya da gangan kamar na baƙi, cibiyoyi a Amurka da Italiya suka karɓa, aka baza shi ga jama'a. Mutane ne suka rubuta shi, amma sai da aka shafe sama da shekara kafin wani uba da 'yarsa su warware shi, suka ga siffofin sinadaran da ke gina furotin. Ina ga na waɗanda ba mu haɗa harshe, jiki ko tarihi da su ba?

Inda nake ganin ba mu shirya ba ko kaɗan shi ne batun amsa. Akwai ƙa'idojin da Cibiyar Nazarin Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ta amince da su a 1989, aka sabunta a 2010. Sun ce a tabbatar tukuna, a sanar da duniya a fili, kada kowa ya mayar da amsa sai an tuntuɓi wata majalisa mai wakiltar kowa, kamar Majalisar Ɗinkin Duniya. Magana ce mai kyau, amma ba doka ba ce. Duk ƙasa ko attajirin da ke da babban faranti zai iya yin magana da sunan mutum biliyan takwas ba tare da ya tambayi kowa ba. Stephen Hawking ya yi gargaɗi a kan jawo hankalin waɗanda ba mu sani ba, wasu masana kuma na ganin rediyonmu da na'urorin radar sun riga sun tona inda muke. Ni dai ina tare da masu cewa a jira, domin kalmar da ta fita sama ba ta dawowa. Abin da ke hannunka shi ne ka tambayi wakilanka da malamanka matsayinsu tun yanzu, ka kuma kawo zancen a aji ko a zaman hira.

Ni abin da na ɗora wa kaina shi ne kwana bakwai. Duk labarin da ya zo irin wannan, nakan rubuta ranar da na ji shi, sunan na'urar da ta kama shi, da zangon da aka ambata, sannan in rufe littafin. Ranar ta takwas in buɗe in duba ko wata cibiya ta biyu ta ji. Ɗalibin nan da ya kira ni yanzu shi ma yana da irin littafin, kuma shafinsa na farko na Proxima Centauri ne, an ja masa layi.