Yadda mai ciwon ƙoda zai tattala jijiyoyin hannunsa

A ɗakin wankin ƙoda nake aikin jinya. Injin yana jan jini kimanin mililita 300 a minti ɗaya, na tsawon awa huɗu, sau uku a mako, kuma jijiyar hannu yadda Allah ya halicce ta ba ta iya ba da wannan. Shi ya sa likitan tiyata ke haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, har ta biyun ta yi kauri ta iya ɗaukar allura. Wannan haɗin ake kira fistula. Tun 1966 ake yin ta, kuma ta fi kowace hanya daɗewa tana aiki da ƙarancin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Sai dai ba a yin ta da jijiyar da allurai suka cinye.

Don haka tattalin yana farawa tun ba a kai ga wanki ba. Da zarar lambar eGFR ɗinka, wato sakamakon gwajin jini da ke nuna ƙarfin aikin ƙoda, ta sauka ƙasa da 30, ka tambayi likitan ƙoda wane hannu za a ajiye. Yawanci wanda ba ka aiki da shi ne: hagu ga mai amfani da dama, dama ga bahago. Daga ranar, duk mai ɗiban jini ko sa kanula (ƙaramar robar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa ko allura) ka miƙa masa bayan tafin hannu, ka ce: "Ina da ciwon ƙoda, a bar mini jijiyoyin sama da wuyan hannu." Wasu za su ɓata rai, domin gwiwar hannu ta fi sauƙin samu. Ka daure ka maimaita. Kowace kanula tana iya barin tabo a cikin jijiya, tabon kuma shi ke tsuke ta.

Idan aka ce za a sa maka doguwar robar nan ta PICC, wadda ake zurawa ta jijiyar hannu har kusa da zuciya, saboda allurai na makonni, ka nemi a tuntuɓi likitan ƙodarka tukuna. Tana yawan jawo daskarewar jini a ainihin jijiyoyin da za a buƙata gobe. Haka robar da ake sawa ƙarƙashin ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa: idan ta tsuke babbar jijiyar wurin, hannun gaba ɗaya na iya tashi daga aiki. In roba ta zama dole, jijiyar wuya ta dama aka fi so, a bi da ita ta ƙarƙashin fata ta fito a ƙirji.

Wanda ya riga ya samu robar ƙirji da ake yi masa wankin ƙoda ta cikinta, ga abin da nake nanata masa. Kada ruwa ya taɓa bandejin. A yi wanka daga ƙasa, a goge sama da tsumma. Kada a buɗe murafunta a gida, kada a bari a yi ƙarin ruwa ta cikinta a wani ɗaki. Lokacin haɗa ta da inji, kai da nas duk ku sa takunkumi. Zazzaɓi, rawar sanyi ana cikin wanki, ja ko mugunya a bakin robar, a faɗa nan take, domin bakinta na ciki a ƙofar zuciya yake. Kumburin hannu ko fuska, ko jijiyoyi su fito raɗau a ƙirji, alamar tsukewa ce. In ta zare, a danne wurin da gozi mai tsabta a nufi asibiti.

Na san dalilin da ya sa wasu ke maƙale wa roba: babu sukar allura. Ni dai ban ga ribar ba. Fistula tana ɗaukar mako shida zuwa wata uku ko fiye kafin ta nuna, saboda haka ka nemi a duba jijiyoyinka da na'urar hoto a sa ranar tiyata tun robar tana aiki lafiya.